Canjin Hannu

Duk wanda ya saba bin titin Makarfi zuwa Ikara da hantsi ya san Malam Ashafa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn tsohon nan mai baƙin keke, wanda kullum za ka gan shi yana tahowa ta hannun da ba nasa ba. Motoci na bin dama, babura na bin dama, shi kuwa yana gefen hagu, ido cikin ido da duk abin da ke tahowa, yana taka feda a hankali kamar mai gudun kada ya tashi titin daga barci.

'Yan acaɓa suka laƙaba masa Baba Canji. In sun hango shi sai su rage gudu don su tsokane shi.

"Baba Canji! An canza hannu fa, gwamnati ta yi shela!"

"Ku ƙyale shi," in ji wani, "labarin yana hanya, bai iso masa ba tukuna."

Shi ba ya jin abin da suke faɗa. Bakinsu kawai yake gani yana motsi, sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Lafiya lau, samari. Ya aiki?"

Gaskiyar magana, labarin ya iso masa tun kafin a haifi iyayen wasunsu. Yana saurayi aka yi canjin hannu, bayan yaƙin basasa da kaɗan, aka ce daga ranar kaza duk abin hawa ya bar hagu ya koma dama. Ya tuna ranar sarai. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne jakuna, don su ba wanda ya yi musu shela. Mutane suka koma dama, jakunan 'yan kasuwa suka ci gaba da bin tsohon hannu da mangalarsu, ana ta jan su da tsiya suna komawa. Shi dai ya bi doka kamar kowa, ya yi shekara da shekaru yana bin dama.

Abin da ya mayar da shi hagu kunnensa ne. Ya daɗe yana aiki a bakin injin matse rake, wajen masu yin mazarƙwaila, ƙarar injin ta yi ta cin jinsa kaɗan-kaɗan kamar yadda gara ke cin azara, ba a ankara ba sai da ta gama. Wata rana yana kan keke, a hannun dama, bai ji hon ba, bai ji komai ba, sai kawai ya ga hularsa tana gangarawa a gabansa, wata babbar mota kuma tana wucewa dab da kafaɗarsa. Ya sauka ya ɗauki hular, ya daɗe yana jujjuya ta. Daga nan ya tura kekensa ya tsallaka titi, bai sake komawa ba.

"Abin da zai kashe ni," haka yake cewa, "ina so in ga fuskarsa. In na hango babbar mota sai in sauka daga kwalta, in kafa ƙafa, ta wuce, in hau. Wa na cuta?"

Inda yake zuwa kullum ba gona ba ce, ba kasuwa ba. Gidan yayarsa Zulai yake zuwa, can wata unguwa a ƙasar Gubuchi. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, yanzu kuwa idonta ya rufe, tana zaune gidan jikokinta. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Da ƙafa ba zai iya kaiwa ba, gwiwoyinsa ba sa yarda, amma da ya hau sirdi sai gwiwoyin su manta shekarunsu.

In ya kai gindin tsamiyar da ke bakin unguwar sai ya kaɗa ƙararrawar keken. Shi bai ƙara jin muryar ƙararrawar nan ba tun da daɗewa, motsinta kawai yake ji a babban yatsansa. Ita kuwa Zulai tana ji daga cikin gida, sai ta ce, "Ku shimfiɗa tabarma, ga Ashafa nan." Ya zauna ta ɓangaren kunnensa mai ɗan dama-dama, ya ba ta labarin abin da ya gani a hanya. Ba labarin wane ya mutu, wane ya yi aure ba, wannan kowa na kawo mata. Shi labarinsa daban ne. Ya ga kaza ta hau motar masara tana ci, ba ta san ana kai ta Zariya ba. Ya ga balbela tsaye a kan saniya, saniyar tsaye a cikin mota. Ya ga gajimare mai kama da butar marigayi babansu, har da lanƙwasar bakin. Ita ta yi ta dariya, ta laluba kunnensa ta ɗaga murya ta ce, "Kai dai ba ka girma ba, Ashafa."

Haka suke, har ranar da Lawal ya fito daga cikin rake.

Lawal ɗan acaɓa ne, ya ɗauko wata mata mai suna Mukarrama da bokitin awararta, suna fitowa daga wata 'yar hanya da ta ratsa gonakin rake ta faɗo titi. Raken ya yi tsawo ya rufe komai. Da ya iso bakin kwalta sai ya duba hagunsa, inda motoci ke fitowa, ya ga ba kowa, ya murɗa totur ya hau titin. Bai duba dama ba, don ba abin da ya kamata ya fito ta can. Ta can kuwa Malam Ashafa ya fito.

Lawal ya kauce da ƙarfi. Bai taɓa keken ba ko kaɗan, amma babur ɗin ya zame a tsakuwa ya kwanta. Malam Ashafa ya kafa ƙafa ya tsaya, ya ga awara ta watsu a kwalta, ya ga matar zaune riƙe da hannunta, bakinta a buɗe. Bai ji ihun ba. Ganin bakin nan a buɗe ba sauti ya fi masa ihun ciwo. Mai ɗori ya duba ya ce tsintsiyar hannun ta karye.

Washegari aka zauna a zauren mai unguwa. Ga Lawal da gwiwa a ɗaure, ga Safiyanu mijin Mukarrama, ga Ja'afaru, autan Malam Ashafa, wanda ke aiki a Ikara, ya baro ofis ya zo. Ja'afaru ya zauna jikin kunnen mahaifinsa yana maimaita masa abin da aka faɗa.

"Ranka ya daɗe," in ji Lawal, "ni fa na duba hannuna. Ina da ido a ƙeya ne? Ba yau muka fara faɗa wa Baba ba. Mu muna yi da wasa, ashe abin ba wasa ba ne."

Safiyanu ya ce, "Ni ban zo neman komai ba. Baba ubana ne, tare suka yi ƙuruciya da mahaifina. Amma matar nan ko tsintsiya ba ta iya ɗagawa. Gobe kuma wa zai faɗi?"

Mai unguwa ya juyo ya ɗaga murya. "Malam Ashafa, ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Ban ji daɗin abin da ya sami yarinyar nan ba, Allah ya sani. Jiya ko tuwo ban iya ci ba." Sannan ya ce, "Amma in na koma dama, abin da ke bayana fa? Ba na jin hon. Ba na jin komai sai ya zo."

"Su direbobi suna ganinka ai."

"Suna ganina, ranka ya daɗe. Wanda ya cire mini hula ma ya gan ni."

Wani ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Mai unguwa ya shafa gemu ya ce shi bai ƙi maganar Malam ba, tana kan hanya, amma titi na kowa ne, ba zai yiwu kowa ya zaɓi hannun da ya yi masa ba. In mai kunne ɗaya ya bi hagu, gobe mai ido ɗaya ya bi tsakiya. Ya ce abu biyu ne: ko Malam ya koma hannun jama'a, ko a ajiye keken.

"A ajiye shi kawai, ranka ya daɗe," in ji Ja'afaru. "Ni zan riƙa kai shi wajen Gwaggo a babur ɗina."

"Yaushe?" in ji tsohon. Wannan ya ji ta ba tare da an maimaita masa ba.

"Duk ranar da na sami sarari, Baba."

Malam Ashafa ya san sararin Ja'afaru. Yaron kirki ne, amma sararinsa kullum yana gobe. Ya dubi tabarma ya ce, "Zan koma dama."

Ja'afaru bai kwana da abin a ransa haka kawai ba. Kwana biyu sai ga shi da madubin babur, ya sa aka ɗaura a kan keken ta hagu, ya daidaita shi da kansa.

"Ga kunnenka nan, Baba. Duk abin da ke bayanka za ka gan shi a nan. Ka ga ka huta."

Tsohon ya leƙa. Ya ga ƙofar gidansa a ciki, 'yar mitsitsiya, da bishiyar darbejiya, da akuya kamar ƙwaro. Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Ya daɗe yana karkata kai yana kallo, ya ce lallai Yaya za ta ji wannan: an samu wani abu mai mayar da gari ɗan ƙarami, har ka sa shi a aljihu.

Da hantsi ya fito. Ya tura keken ya tsallaka titi, ya tsaya a hannun dama kamar baƙo. 'Yan acaɓan da ke bakin mahaɗa suka miƙe tsaye suna tafi.

"Labari ya iso! Jama'a, labari ya iso wa Baba Canji!"

Ya ɗaga musu hannu, ya hau.

Gefen dama ba irin gefen hagu ba ne. A hagu ya san kowane rami, ya san inda ƙasa ta yi daidai da kwalta, inda zai sauka ba wahala. A nan kuwa ruwan damina ya zaizaye bakin titin, kwalta ta tsaya sama, ƙasa ta yi ƙasa, tsakaninsu ya kai tsawon tafin hannu, wani wurin ya fi. In ka ce za ka sauka a guje, tayar gaba za ta kafe. Ya ga haka ya yi ta addu'a a ransa, ya manne wa bakin kwalta.

Bayansa duk ya zama ido. Yana jin tsikar wuyansa tana tashi, kamar wanda aka ce wani na tsaye bayansa da sanda amma kada ya waiga. Babur ya wuce shi fuu, bai san da zuwansa ba. Wata bas ta wuce, kwandastan ya leƙo yana faɗin wani abu. Sai ya tuna da madubi.

Da ya fara kallon madubin sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Duk rayuwarsa abin da ke zuwa yake kallo, bai taɓa ganin yadda duniya ke tafiya ta bar mutum ba. A cikin gilashin nan titi yana zarewa baya kamar zare, gonakin rake suna ƙanƙancewa, wata mata da tulu a ka ta zama kamar tururuwa ta ɓace. Ya ce a ransa, ashe haka muke a idon wanda ya wuce mu.

Can sai ga wata tirela a cikin madubin, shaƙe da rake. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Ya dube ta, ya yi lissafi irin wanda ya saba yi da idonsa shekara da shekaru: motar da ta yi wannan ƙanƙanta tana da nisa, sai ya wuce wancan kwalbatin kafin ta iso, a can kuma akwai wurin sauka. Ba wanda ya gaya masa cewa madubin babur ƙarya yake yi wajen nisa. Ja'afaru bai ga abin faɗa a ciki ba, don duk mai babur ya san wannan tun ranar da ya fara hawa.

Ya sake dubawa, akwatin ashana ya zama akwatin kaya. Bai kai ga dubawa ta uku ba. Inuwa ta rufe shi, ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin tayoyinsa, bangon ƙarfe ya yi ta wucewa dab da gwiwar hannunsa, ba ya ƙarewa. Wata mota na tahowa ta gaba, don haka direban bai sami inda zai buɗe ba. Tirelar ba ta taɓa shi ba. Iskarta ce ta ture shi, tayar gaba ta faɗa bakin kwaltar da ruwa ya ci, keken ya tsaya cak, shi ya wuce.

Ya farfaɗo a kwance cikin lambatu, kan ɓawon rake, yana kallon sama. Akwai wani gajimare a wurin, bai yi kama da komai ba. Tirelar ta yi nisa. Wataƙila direban bai ma san an yi wani abu ba.

Mutane suka taru, aka ɗago shi. Lawal ne ya fara isowa da ɗingishinsa, ya tallabe masa kai, ya kafa baki a kunnensa.

"Sannu Baba! Sannu! Wallahi kai ke da gaskiya, kana kan hannunka!"

"Kana kan hannunka, Malam," in ji wani dattijo mai fartanya a kafaɗa. "Mu shaida ne. Ko gaban wa za a je, kai ke da gaskiya."

Kowa ya zo sai ya faɗi haka, kamar masu yi masa barka. Shi dai yana neman inda zai sa gaskiyar nan ya rasa. Ƙugunsa yana zafi kamar an zuba garwashi. Ya waiga ya ga keken, tayar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka taka, madubin kuwa ko tsagewa bai yi ba.

Ƙugun bai karye ba, bugu ne, amma ya kwantar da shi makonni. Mukarrama ta zo duba shi da hannunta a ɗaure da karare, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce cikin wasa, "Baba, ni hannu, kai ƙugu. In aka haɗa mu za a sami mutum guda mai lafiya." Da aka maimaita masa ya yi murmushi, ya kasa haɗa ido da ita.

Ranar da ya fara takawa zuwa zaure da sanda, ya tarar da keken a rataye jikin azara, an ɗaure shi da igiya, tayoyi a sama. An gyara tayar gaban ma, an miƙe ta tsaf.

"Ja'afaru, sauko mini da shi."

"Baba, don Allah ka yi haƙuri."

"To zan koma hagu. Can na san hanya."

"Mai unguwa ya hana, Baba. Ka ga hannun matar Safiyanu."

"To dama."

"Dama ai ka gani."

Tsohon ya tsaya yana kallon ɗansa. Ya buɗe baki zai kawo ta uku, ya tarar titi hannu biyu gare shi kawai. Ja'afaru ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ranar Juma'a in Allah ya yarda zai kai shi.

Ya cika alkawari a Juma'ar farko. Suka wuce tsamiya a guje, suka tsaya ƙofar gida, suka yi sallama. Zulai na zaune a tsakar gida, ba tabarma a shimfiɗe.

"Wane ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Ashafa? To ina ƙararrawar? Na zaci masu allurar rigakafi ne." Ta laluba fuskarsa, ta laluba ƙugun. Sannan ta ce, "Me ka gani a hanya?"

Ya yi tunani. A bayan babur ba ya ganin komai sai ƙeyar Ja'afaru, ga shi ya runtse ido rabin tafiyar. Ya so ya ba ta labarin madubi mai mayar da gari ɗan ƙarami, sai ya ji ba ya son labarin kuma.

"Ban ga komai ba, Yaya."

Ba su daɗe ba Ja'afaru ya fara duba wayarsa, don kada su rasa masallaci.

Da suka dawo, Malam Ashafa ya sa aka kwance masa ƙararrawar daga jikin keken, ya jefa ta a aljihun rigarsa. Ya ce in an sake zuwa zai sa a tsaya gindin tsamiya ya kaɗa mata, ta san shi ne.

Juma'a ta biyu aka tura Ja'afaru wani aiki a garin Kudan. Ta uku babur ɗin yana wajen bakanike. Lawal ya ce shi zai kai Baba kyauta, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai hantsi shi ne lokacin fasinja, kullum in ya wuce sai ya nuna da hannu cewa yana dawowa.

Yanzu in ka bi titin da hantsi ba za ka ga mai keke a hagu ba. Za ka ga tsoho a kan dakali bakin hanya, da hula da sanda, a shirye tun safe, yana bin kowane babur da ido har ya wuce. Hannunsa ɗaya yana cikin aljihu. In rana ta kai daidai inda takan same shi a gindin tsamiya, sai babban yatsansa ya motsa, ya ji 'yar rawar ƙarfen a fatarsa. Waɗanda ke kusa su waiga su dube shi. Can ƙasar Gubuchi kuwa, jikokin Zulai sun ce ta hana a naɗe tabarma sai azahar.